Darasi na Tara: Mai Ganga a Bayan Mawaƙi

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. bayyana abin da ake kira kayan bugu, ya kawo misalansu na gida da na waje;
2. auna gudun kiɗa da agogo;
3. gwada lugude da tafi tare da abokan karatu;
4. ba da tarihin makaɗa biyu, Tony Allen da Clyde Stubblefield, da abin da kowannensu ya ƙara wa kiɗan duniya;
5. bambance biyan sallama da biyan kaso.

Idan aka tara mutum goma aka tambaye su waƙar da suka fi so, kafin a rufe baki kowa zai kama sunan mawaƙinsa: wannan ya ce Shata, wancan ya ce Ɗanƙwairo, ƙaramin cikinsu ya ce Hamisu Breaker. To a sake tambayarsu wa ya kaɗa gangar da ke cikin waƙar, sai a ji tsit. Alhali kuwa tun kafin mawaƙi ya buɗe baki, mai ganga ya riga ya sa mai sauraro gyaɗa kai da taka ƙasa. Wannan darasi horon kunne ne. Muna so ku koyi tsallake muryar mawaƙi na ɗan lokaci, ku saurari mutumin da ke bayansa.

1. Kayan bugu

Kayan kiɗa kashi uku ne. Akwai na busa, irin su algaita da kakaki da sarewa. Akwai na tsirkiya, irin su goge da garaya da molo da jita da kuntigin Ɗan Maraya Jos. Na uku su ne na bugu, kuma a kansu za mu tsaya.

> Ma'anar kalma
> Kayan bugu: duk abin kiɗan da ake fitar da amonsa ta hanyar duka, ko girgizawa, ko karo da wani abu.

Wasunsu suna da fata: kalangu, kotso, taushi, tambari, gangar noma, dundufa, bandiri. Wasu ba su da ita: ƙwarya, shantu, caki, kuge. Tafi ma yana cikinsu, kuma shi ne wanda kowa ya zo duniya da shi.

A da, kowace ganga da mutanenta. Tambari na sarki ne, ba a buga shi don nishaɗi. Dundufa ta maƙera ce. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, shi ya sa da shi Ɗan Anace ya wasa Shago. Da kotso Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suka yi wa sarakuna waƙa, Salihu Jankiɗi da Sarkin Taushin Katsina kuma da taushi. Bandiri na majalisin zikiri ne da bege. Ƙwarya da shantu na mata ne, kuma duk wanda ya ji Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, ya san abin da ƙorai a kife za su iya yi a hannun matan da suka san su. Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, shi ya fi kowa fitar da kalangu zuwa kowane irin taro, har ya zama gangar kowa da kowa.

2. Bugu, gaɓa da gudu

Ku tuna wata waƙa da kuka sani sosai, ku rera ta a zuci, ku bar ƙafarku ta bi ta. Za ku ga ƙafar tana sauka daidai wa daida, ba ta gaggawa, ba ta jinkiri, ko da muryar waƙar tana hawa tana sauka. Kowace saukar ƙafa bugu ɗaya ce. Za ku kuma lura cewa wasu bugun sun fi wasu nauyi, kuma mai nauyin yana dawowa a kan ƙa'ida. A yawancin kiɗan da ake sawa a rediyo yau, yana dawowa ne bayan kowane bugu huɗu: ƊAYA, biyu, uku, huɗu, ƊAYA, biyu, uku, huɗu.

> Ma'anar kalma
> Bugu: ma'aunin lokaci a cikin kiɗa, wanda ƙafa take bi.
> Gaɓa: rukunin bugu da ke maimaita kansa, galibi bugu huɗu.
> Gudu: yawan bugu a cikin minti ɗaya.

*Misali na 1.* Wani tela yana ɗinki, rediyo na kunne. Yana so ya san gudun waƙar da aka sa. Sai ya dubi agogon wayarsa, ya ƙirga saukar ƙafarsa na sakan 15, ya samu 25. Sakan 15 kashi ɗaya ne cikin huɗu na minti, don haka:

25 × 4 = 100.

Gudun waƙar bugu 100 ne a minti. Idan kowace gaɓa tana da bugu 4, to akwai gaɓa 100 ÷ 4 = 25 a cikin minti ɗaya. Da irin wannan lissafi ne ma'aikacin lafiya yake auna bugun zuciya a wuyan hannu. Zuciyar baligi mai hutawa tana bugawa tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti.

Aikin farko na mai ganga shi ne riƙe wannan gudu. Idan ya fara a 100 ya ƙare a 120 ba da niyya ba, 'yan amshi za su yi ta haki, masu rawa su rikice. Mutane kan raina wannan aiki don ba ya burge ido, amma duk mawaƙin da ya taɓa tsayawa gaban taro ya san darajarsa.

3. Lugude

Kowa ya taɓa ganin mata uku a kan turmi ɗaya. Taɓarya uku, bakin turmi ɗaya, amma ba a karo, domin kowace ta san gurbinta a cikin lokaci. Gwanaye har sukan cilla taɓaryar sama, su tafa, su cafe ta, ta sauka daidai inda ya kamata. Maƙera ma suna yin haka a kan uwar maƙera. Idan kun saurara da kyau, abin da ke fitowa daga turmin ba na mace ɗaya daga cikinsu ba ne. Haɗuwar ukun ce ta haife shi.

> Ma'anar kalma
> Lugude: a wannan darasi, haɗa zubin bugu biyu ko fiye, kowanne daban, a lokaci guda, su ba da kiɗa ɗaya.

*Misali na 2.* Ku kasu gida biyu. Malami zai riƙa ƙirga 1, 2, 3, 4, 5, 6 a hankali, yana maimaitawa.

Gida na farko ya tafa a kan 1, 3 da 5. Tafi uku ke nan.
Gida na biyu ya tafa a kan 1 da 4. Tafi biyu ke nan.

A kan 1 kowa ya haɗu. A kan 2 da 6 shiru. A kan 3, 4, 5 ana jin tafi a jere, yana tsallakawa daga wannan gida zuwa wancan. Da farko wani gida zai ja ɗaya ya bi shi. Kada ku damu, ku sake. Idan ya zauna, za ku ji wani kiɗa da kunnenku ya daɗe da sani, domin wannan zubi na uku a kan biyu yana ƙarƙashin kaɗe-kaɗe masu yawa na Afirka ta Yamma, kuma bayin da aka kwashe suka tsallaka teku da shi zuwa Kuba da Barazil da Amurka.

Ƙungiyar kalangu a kan wannan tsari take tafiya. Kuntuku yana riƙe da zubi ɗaya ba ya sakewa, ɗan karɓi yana amsawa, babban kalangu kuma yana da 'yancin yawo a samansu.

4. Yadda kalangu yake magana

Kalangu yana da siririn ƙugu da baki biyu, tsirkiyoyi sun haɗa fatar wannan baki da ta wancan. Makaɗi yana rataye shi a hammata. Idan ya matse, fata ta ɗaure, amo ya hau. Idan ya saki, amo ya sauka. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti: da hawa da saukar murya muke bambance kukan yaro da kukar miya. Saboda haka gula, wato sandar kaɗawa, da hammata suna iya bin karin jimla har mai sauraro ya gane ta ba tare da an furta ba.

> Ma'anar kalma
> Take: gajeren kiɗa da aka keɓe wa wani mutum, ko sarauta, ko sana'a, wanda ake gane mai shi da jin sa.

Ɗan dambe yana jin takensa daga nesa tsikar jikinsa ta tashi. Yarabawa ma suna da ganga irin kalangu, kuma ita ce ƙashin bayan kiɗan apala na Haruna Ishola da juju na King Sunny Ade.

5. Jerin ganga: mutum ɗaya, aikin mutum huɗu

Yanzu mu tsallaka teku. A badujalar soja ta Amurka, a ƙarni na 19, babbar ganga da mai buga ta, ƙaramar ganga da nata, faya-fayan ƙarfe ma da nasu. Da kiɗan ya shiga ƙananan gidajen rawa da na wasan kwaikwayo, sai wuri ya yi kaɗan, kuɗin biyan mutum uku ma ya yi wuya. Dabarar da aka yi ita ce a tara kayan duka gaban mutum ɗaya a zaune. A 1909 William F. Ludwig na birnin Shikago ya fitar da matakin ƙafa mai inganci na buga babbar ganga, hannaye biyu suka samu sarari. Makaɗan jaz, kiɗan da baƙaƙen fata suka haifa a New Orleans, su suka mayar da wannan tarin kaya abin kiɗa guda mai mutunci.

> Ma'anar kalma
> Jerin ganga: ganguna da faya-fayan ƙarfe da aka jera don mutum ɗaya ya kaɗa su da hannu biyu da ƙafa biyu.

Manyan sassansa huɗu ne. Uwar ganga tana ƙasa, ƙafar dama ke buga ta, amonta mai kauri ne. Mai-waya ƙaramar ganga ce da aka shimfiɗa wa siraran wayoyi a fatar ƙasa, shi ya sa take da amo mai tsatsa. Tagwayen faifai faya-fayan ƙarfe ne guda biyu, ɗaya a kife kan ɗaya, ƙafar hagu ke buɗe su tana rufewa, kuma sun shigo ne a shekarun 1920. Sai babban faifai da hannun dama yake kaɗawa. Sana'ar ƙera faya-fayan nan tsohuwa ce ƙwarai: gidan Zildjian, wanda har yau manyan makaɗa suke sayen kayansa, ya fara ta ne a Santambul a 1623.

*Misali na 3.* Ku zauna daidai a kan benci. Ku ƙirga 1, 2, 3, 4.

Ƙafar dama ta taka ƙasa a kan 1 da 3.
Hannun hagu ya bugi cinya a kan 2 da 4.
Idan wannan ya zauna, hannun dama ya riƙa taɓa tebur sau biyu a kowane bugu, wato sau 8 a gaɓa.

Wannan shi ne zubin da dubban waƙoƙin Turai da Amurka suka hau. Ku riƙe shi a ka, domin da shi za ku gane abin da mutumin da ke tafe ya sauya.

6. Tony Allen

An haifi Tony Oladipo Allen a Legas a 1940. Mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, mahaifiyarsa 'yar Gana. Bai fito daga gidan makaɗa ba, kuma sai da ya kai shekara 18, yana aikin gyaran na'urori a gidan rediyo, sannan ya fara koya wa kansa ganga. Wannan abin lura ne ga ɗalibin yaƙi da jahilci da yake ganin ya makara. Ya shiga ƙungiyar hailaif ta Victor Olaiya yana buga 'yan sanduna biyu kawai, har kujerar mai ganga ta zama babu kowa aka ba shi. Malamansa faya-fayan garmaho ne. Ya yi ta sauraron Art Blakey da Max Roach, gwanayen jaz na Amurka, da Guy Warren na Gana, wanda daga baya ya koma Kofi Ghanaba. Daga wajensu ya gane cewa makaɗan Legas na lokacin sun bar ƙafar hagu tana barci: tagwayen faifai suna nan a gabansu, amma a rufe. Ya sa kansa horo har ƙafar ta farka.

A 1964 ya haɗu da Fela Kuti. Suka yi ƙungiyar Koola Lobitos, suka je Amurka a 1969, suka dawo da sabon kiɗan da aka sani da afrobit, ƙungiyar kuma ta zama Africa 70. Kada a haɗa wannan da kiɗan su Davido da Wizkid na yau, mai suna kusan iri ɗaya. Na Fela kiɗa ne na babbar ƙungiya, mai ƙahonni da jita da ganguna, waƙa ɗaya takan cinye fuskar faifai guda, kalmominta kuma na sukar masu mulki ne.

Fela mutum ne mai tsananin iko a kan kiɗansa. Shi yake tsara wa mai jita abin da zai kaɗa, ya tsara wa masu ƙaho nasu. Mutum ɗaya ne ba ya tsara wa, shi ne Allen. An ruwaito Fela da kansa yana cewa in ba don Allen ba da babu afrobit, kuma yana kiɗa kamar mutum huɗu.

Me ake nufi da haka? Ku koma misali na 2 da na 3. A misali na 3, gaɓoɓin jiki suna yi wa zubi ɗaya hidima: uwar ganga a 1 da 3, mai-waya a 2 da 4, ba sauyi. Allen ya ɗauko luguden misali na 2 ya raba wa gaɓoɓinsa huɗu. Sau da yawa uwar ganga takan buɗe gaɓa da bugu biyu a manne, sannan ta yi shiru ta bar fili. Mai-waya ba ta jiran 2 da 4, tana faɗowa a tsakanin bugu, wani da ƙarfi, wasu a hankali har sai an kasa kunne. Ƙafar hagu tana buɗe tagwayen faifai tana rufewa, hannun dama yana nasa zancen a sama. Aikin da kuntuku da ɗan karɓi da babban kalangu suke rabawa, shi a jikinsa kaɗai yake yin irinsa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a kiɗansa shi ne sauƙin hannu. Ba ya dukan ganga kamar mai jin haushinta. Da yawa daga masu koyo suna zaton ƙarfi shi ne gwaninta, sai su gaji kafin a je ko'ina. Shi kuwa yakan zauna a Shrine, gidan wasan Fela, a yi ta kiɗa har dare ya raba, gudunsa bai motsa ba. Ku nemi waƙar "Water No Get Enemy" ta 1975 ko "Zombie" ta 1976, ku saurari minti biyun farko sau uku: karo na farko ku bi uwar ganga kaɗai, na biyu mai-waya, na uku tagwayen faifai. A karo na huɗu ku sake kunnenku ya ji su gaba ɗaya.

Sunansa ya kai Turai tun yana Legas. Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream ta Ingila, ya zauna a Legas a shekarun 1970, ya buɗe situdiyo, ya yi faifai da Fela a 1971, kuma a 1978 shi da Allen suka yi kiɗan ganga su biyu a bikin jaz na Balin a Jamus. Bayan wannan tafiya ne Allen ya bar Fela, bayan sun yi faya-fayai fiye da 30 tare. Ya sha faɗa a hirarrakinsa cewa batun kuɗi da hakkin aikinsa na cikin dalilan rabuwar. Ya koma Landan a 1984, daga nan Faris, inda ya zauna sauran rayuwarsa. Ya yi aiki da Damon Albarn na Ingila, ya yi faifan girmamawa ga Art Blakey a 2017. Faifansa da Hugh Masekela na Afirka ta Kudu ya fito a watan Maris na 2020, shi kuma ya rasu a Faris ran 30 ga Afrilu na wannan shekara, yana da shekara 79.

7. Clyde Stubblefield da batun hakki

An haifi Stubblefield a 1943 a Chattanooga, jihar Tennessee ta Amurka. Shi ma bai yi makarantar kiɗa ba. Ya ce daga ƙarar injinan masana'antu da jiragen ƙasa na garinsu ya fara ɗaukar zubi. Ya shiga ƙungiyar mawaƙi James Brown a 1965. A watan Nuwamba na 1969, ana ɗaukar waƙar "Funky Drummer" a birnin Cincinnati, Brown ya sa sauran makaɗa suka yi shiru aka bar mai ganga shi kaɗai. Gaɓa 8 ya yi, kusan sakan 20.

Ku gwada lissafin: gaɓa 8 × bugu 4 = bugu 32 a sakan 20. Sakan 20 kashi ɗaya ne cikin uku na minti, don haka 32 × 3 = 96. Gudun yana kusa da na waƙar telanmu.

A shekarun 1980 matasan hip-hop suka samu na'urar da ke yanko ɗan yanki daga tsohon faifai ta riƙa maimaita shi, su kuma su ɗora waƙarsu a kai.

> Ma'anar kalma
> Tsakure: ɗan yankin kiɗa da aka yanko daga wani faifai aka gina sabuwar waƙa a kansa.

Sakan 20 ɗin nan na Stubblefield sun shiga waƙoƙi fiye da 1,000, har da na Public Enemy da LL Cool J. Miliyoyin mutane sun yi rawa da hannunsa ba su san sunansa ba. Shi kuwa bai samu kaso daga tsakuren ba, domin ba a rubuta shi cikin masu waƙar ba. An biya shi ladan aikinsa na ranar, shi ke nan. Da ciwo ya kama shi daga baya, mawaƙi Prince na cikin waɗanda suka biya masa kuɗin asibiti. Ya rasu a watan Fabrairu na 2017.

> Ma'anar kalma
> Biyan sallama: kuɗin da ake ba makaɗi sau ɗaya, ba shi da sauran hakki.
> Biyan kaso: wani ɓangare na duk abin da waƙa ta kawo, muddin tana kawowa.

*Misali na 4.* (Alƙaluman nan na koyon lissafi ne.) An kira wani mai kalangu situdiyo. An ba shi zaɓi: naira 20,000 a hannu, ko kashi 5 cikin 100 na abin da waƙar za ta kawo.

Idan ta kawo naira 200,000: 200,000 × 5 ÷ 100 = 10,000. Sallama ta fi.
Idan ta kawo naira 1,000,000: 1,000,000 × 5 ÷ 100 = 50,000. Kaso ya fi.

Ba wanda ya san waƙar da za ta karɓu, saboda haka kowane zaɓi da haɗarinsa. Abin da bai kamata a yi sakaci da shi ba abu biyu ne: a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a kuma sa sunan makaɗi a jikin aikin. Dokar hakkin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi kariya ga masu gabatar da wasa, kuma makaɗa suna cikinsu, amma wanda ba shi da takarda a hannu zai sha wuya wajen neman nasa. Wannan na daga cikin amfanin karatun da kuke yi.

8. Da na'ura ta zo

A 1980 kamfanin Roland na Japan ya fitar da akwatin kiɗa mai suna TR-808. Bai yi kasuwa ba da farko, aka daina ƙera shi a 1983, ya yi araha a hannun 'yan gwanjo, matasa marasa kuɗi suka saye shi suka gina hip-hop a kansa. Irin wannan ya faru a Kano daga shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin waƙoƙin fim. Mutum ɗaya da yatsunsa yana fitar da ganga da sarewa da goge.

Fiyano ya buɗe wa dubban matasa ƙofar da a da sai ɗan gado yake shiga, kuma wannan alheri ne. Amma na'ura ba ta jin mawaƙi. Ba ta san an shigo da baƙo a canza take ba, ba ta san mai rawa ya gaji a sassauta ba. Ga kuma masu ɗaurin kalangu da masu sassaƙa shi da aikinsu ya ja baya. Akwai masu haɗa tsoho da sabo yadda ya dace: ƙungiyar Tal National ta Yamai tana jera gangar hammata kusa da jerin ganga, Souleymane Ibrahim kuma, mai gangar Mdou Moctar, yana kai zubin Agadas manyan dandamalin Turai da Amurka da hannunsa da ƙafarsa.

9. Yaya ake zaɓen gwani?

Gardamar wane makaɗi ya fi wani ba ta ƙarewa, kuma ba laifi ba ce. Abin da muke so shi ne mai gardama ya zo da hujja. Ku fara da gudu: ku auna shi a farkon waƙa da ƙarshenta kamar yadda tela ya yi. Sannan ku duba ko makaɗin yana barin fili. Akwai mai cika kowane gurbi da bugu har muryar mawaƙi ta rasa wurin zama, akwai kuma wanda ya san inda zai ɗauke hannu. Ku saurari nauyin hannunsa, ko duk bugunsa ɗaya ne, ko yana da mai ƙarfi da mai taushi. A waƙoƙin Shata akwai wurin da ya fi ko'ina nuna gwanin kalangu: daidai lokacin da Shata ya ajiye ɗa, wato baitin waƙa, kafin 'yan amshi su karɓa. Ku kasa kunne a nan ku ji abin da kalangu yake cewa.

Ni dai Tony Allen ne nawa, saboda yana yin abu mai wuya ƙwarai ba tare da ya tsaya gaban kowa ba. Wani zai zaɓi Stubblefield, wata ta zaɓi matan da ke bayan Barmani Coge, kuma kowannensu yana da abin kafa hujja.

Aikin gida

Ku zaɓi mawaƙin gargajiya ɗaya na yankinku. Ku tambayi dattawa, ko iyalan gidan makaɗa, sunayen waɗanda suka yi masa kiɗa da irin gangar kowannensu. Ku rubuta abin da kuka samo, ku karanta wa aji a zama na gaba.

Tambayoyin bita

1. Mene ne kayan bugu? Kawo misali uku masu fata da uku marasa fata.
2. Haɗa kowace ganga da mutanenta na asali: tambari, dundufa, kalangu, shantu.
3. Wata mata ta ƙirga bugu 30 a sakan 15. Nawa ne gudun waƙar? Gaɓa nawa ke cikin minti ɗaya idan kowace gaɓa tana da bugu 4?
4. A misali na 2, a kan wace lamba gidaje biyu suke haɗuwa? A kan waɗanne lambobi ake shiru?
5. Yaya mai kalangu yake sa amo ya hau ko ya sauka? Me ya sa hakan yake ba shi damar bin maganar Hausa?
6. Ambaci manyan sassa huɗu na jerin ganga da gaɓar jikin da ke kaɗa uku daga cikinsu.
7. Ta wace hanya kiɗan Tony Allen ya bambanta da zubin misali na 3?
8. Me ya sa Clyde Stubblefield bai samu kaso daga tsakuren kiɗansa ba?
9. An ba makaɗi zaɓi tsakanin naira 30,000 a hannu da kashi 10 cikin 100. Nawa waƙar za ta kawo kafin zaɓin biyu su zo daidai?
10. Kawo amfani ɗaya da illa ɗaya na kiɗan fiyano.
11. Wane ne gwaninku a cikin masu kayan bugu? Ku rubuta jimla biyar, ku kawo hujja biyu daga sashe na 9.